Yadda na je koyon cuku a tsaunukan Suwizalan

Sana'ata madara ce. Ina aiki a wata ƙaramar cibiyar tara nono a jihar Katsina, inda matan Fulani ke kawo mana madara da sassafe, mu auna, mu dafa, mu yi kindirmo da yogot mu kai gari. Da damina madara takan yi mana yawa har mu riƙa mayar da mata da ƙoransu a cike, da rani kuwa mu nema ido rufe mu rasa, sai mu koma wa madarar gari ta buhu da ake shigowa da ita daga waje. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shi ya sa da ƙungiyarmu ta sami gurbi a wani shirin musayar masu sana'a da ƙasar Suwizalan, na roƙa a tura ni. Tsarin shi ne mu je mu zauna da masu sana'a irin tamu a lokacin zafinsu, wanda ya yi daidai da daminarmu, daga baya su ma su turo ɗalibansu su ga yadda muke yi.

Takardu ne suka fi cin lokaci. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu amfani da biza guda, saboda haka bizar gajeren zama muka nema, wadda ba ta wuce kwana 90. An buƙaci takardar gayyata daga masu masaukinmu, da takarda daga wurin aikina, da bayanin asusun banki, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da fasfo mai sauran wa'adin da ya zarce ranar dawowa da wata uku. Na je Abuja da kaina aka ɗauki hoton yatsuna. Duk mai niyyar irin wannan tafiya ya fara tun da wuri, domin a watannin zafi kawai suke kai shanunsu kiwo kan dutse, lokacin kuwa ba ya jiran kowa. An kuma ja mana kunne tun a gida cewa dokarsu ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko wani abu na madara. Kilishi da man shanun da Inna ta tanadar mini a gida suka zauna, na tafi da garin yaji da dabino.

A Zurich muka sauka a watan Yuli. Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin filin jirgin saman, muka gangara muka hau mai zuwa Fribourg ta Bern. A cikin tafiyar da ba ta kai awa biyu ba harshen sanarwa ya tashi daga Jamusanci ya koma Faransanci, don ƙasar tana da harsunan hukuma huɗu, da Italiyanci da wani da ake kira Romansh. Ɗan Faransancin da na tsinta a zirga-zirgar Maraɗi ya yi mini rana ƙwarai.

Kafin a rarraba mu, an fara kai mu Grangeneuve, makarantar koyon noma da sarrafa madara ta jihar Fribourg, da wasu ƙananan gidajen cuku na ƙauyuka. A nan na fara gane yadda suke koyar da sana'a. Kusan kashi biyu cikin uku na yaran ƙasar, in sun gama karatun dole suna da shekara 15 ko 16, koyon sana'a suke shiga. Yaro zai nemi maigida da kansa, a rubuta yarjejeniya, shi da iyayensa da maigidan su sa hannu, hukumar jiha ta amince. Kwana uku zuwa huɗu a mako yana wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu yana aji, kuma ana biyan sa albashi tun daga watan farko. Sana'ar sarrafa madara shekara uku ce, a ƙarshe a yi jarrabawar hannu da ta rubutu, a ba shi takardar shaida ta tarayya wadda kowane gidan cuku a ƙasar ya san darajarta. Maigidan ma ba ya ɗaukar ɗan koyo sai shi kansa an horar da shi yadda ake koyarwa.

Wata yarinya 'yar koyo, shekarunta ba za su wuce 17 ba, ita aka haɗa ni da ita a wani gidan cuku. Manoma suna kawo madara safe da yamma, ita ce ke tsaye a bakin ƙofa. Ta ɗebi samfur daga na kowa ta ajiye da lambarsa, ta gwada ko akwai ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake yi wa dabbobi allurarsa a ciki, ta auna tsami da zafi, ta rubuta. Na tambaye ta me zai faru in an sami maganin. Ta ce ƙwayoyin da ke nunar da cuku mutuwa za su yi, tukunyar ranar gaba ɗaya ta lalace, kuma samfurin da ta ajiye shi zai nuna daga gonar wa abin ya fito. Ba haddace wannan ta yi ba, ta san dalilin kowane mataki. Na tuna yaran shagunanmu, masu walda da ɗinki da kanikanci, waɗanda sukan yi shekara biyar ko bakwai a hannun maigida, hannunsu ya faɗa sosai, a yaye su ba su da ko fallen takarda da zai shaide su a wani gari. Basira ba ta ƙaranta a wurinmu ba. Abin da muka rasa shi ne tsarin da zai auna ta ya kuma tsaya mata.

Daga nan aka tura ni kan dutse. Na bi ƙaramin jirgin ƙasa ta Bulle da Montbovon zuwa Château-d'Œx a jihar Vaud, na hau motar gidan waya mai launin rawaya, wadda ita ce bas ɗin ƙauyukan tsauni, zuwa wani ƙauye da ake kira L'Etivaz. Can maigidana ya tare ni da wata tsohuwar mota mai ƙarfin hawa. Hanyar siririya ce, tana nannaɗe jikin dutsen, gefe ɗaya itatuwa, gefe ɗaya kwazazzabo mai zurfi, ba inda mota biyu za su gifta. Ban daina salati ba sai da muka tsaya.

Gidan kiwon na dutse da katako ne, an rufa shi da ƙananan fallayen itace. Ɗakin shanu da ɗakin cuku da ɗakin kwanan mutane duk rufi ɗaya suke. Mazauna gidan su ne maigida da uwargida da ɗansu da wani saurayi ɗan koyon noma. Ko da yake tsakiyar lokacin zafi ne, da asuba sai na saka rigar sanyi biyu, kuma hadari yakan taso daga bayan dutse ba zato, ya zubar ya wuce. A kwanakin farko in na hau gangare ina kora shanu numfashina yakan yi sama, ƙafafuna su yi nauyi, daga baya jiki ya saba. Lokutan salla ma sai da na sake lissafi, don rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, alfijir kuma ya keto da wuri ƙwarai. Tun ranar farko na gaya musu ba na cin naman alade, ba na shan giya, uwargida ta ce ta ji, ba a sake tayar da zancen ba. Burodi da dankalin Turawa da miyar ganye da kirim mai kauri su ne abincinmu. Batun sinadarin daskarar da madara kuwa, wanda daga tumbin ɗan maraƙi ake samo shi, na tambayi malamina hukuncinsa kafin in bar gida, kuma ina ba kowa shawara ya tambayi nasa.

Cukun L'Etivaz yana da ƙa'idoji masu tsauri. Ba a yin sa sai tsakanin 10 ga Mayu da 10 ga Oktoba, a makiyayar da tsayinta ke tsakanin mita 1,000 da 2,000, da ɗanyar madarar shanun wurin, a tukunyar jan ƙarfe, a kan wutar itace. Makiyayan yankin ne suka kafa ƙungiyarsu ta gama-kai a 1932, kuma har yau iyalai wajen 70 ne ke yin sa.

Ga yadda ranar take tafiya. Kafin gari ya waye mun fita nemo shanu, ƙarar ƙararrawar wuyansu ce ke nuna mana inda suke a cikin hazo. A shigo da su, a goge hantsar kowace, a fara tatso ɗigon farko a duba, sannan a saka injin tatsa mai aiki da janareta. Madarar jiya da yamma ta kwana a faffaɗan kwanuka a ɗaki mai sanyi, uwargida ta yaɗe kirim ɗin da ya taso, a juye ta cikin tukunya a haɗa da ta safe. Tukunyar tana rataye a jikin wani hannu mai juyawa, in ana son zafi a tura ta kan wuta, in ya isa a janye. Da madara ta kai digiri 32 sai maigida ya zuba ruwan cukun jiya da ya ajiye ya yi tsami, ya zuba sinadarin tumbin maraƙi, a bar ta ba mai taɓawa. Bayan minti 35 zuwa 40 ta daskare. Sai ya tsoma ludayi ya ɗaga a hankali, in ta tsage sumul, lokaci ya yi.

Yankan shi ne inda gwaninta take. Akwai wani ƙarfe mai jerin siraran wayoyi da ake ja a cikin tukunya, a yi ta yanka daskararriyar madarar har ta koma ƙanana kamar ƙwayar alkama. In an yi garaje, mai ya tsere cikin ruwa. In an yi sanyin hannu, ƙwayoyin su fito wasu manya wasu ƙanana, ruwa ya maƙale a ciki, bayan watanni cukun ya tsage a ɗakin ajiya. Da ya ba ni ƙarfen, ya tsaya a bayana ya riƙe gwiwar hannuna, yana cewa, "A hankali, ɗana, bar wayar ta yi aikin." Daga nan a mayar da tukunya kan wuta, ana motsawa ba tsayawa, zafi yana hawa sannu sannu har wajen digiri 56. Hayaƙi ya cika ɗaki, ido yana ruwa. Maigida yakan duba ma'aunin zafi, amma ba ya yarda sai ya damƙo ƙwayoyin a tafin hannu ya matse, ya murza ya ga sun warware, ya tauna kaɗan ya ji suna ƙara a haƙori. Sannan ya ɗauko wani babban ƙyalle, ya naɗe gefe ɗaya a jikin siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa, ya cije ɗaya gefen da haƙora, ya sunkuya ya zura hannuwansa biyu cikin ruwan nan mai zafi, ya bi ƙasan tukunyar ya kwaso cukun gaba ɗaya. Mu ɗaga tare, mu saka a cikin zoben katako, a danne da matsi, a riƙa juyawa ana canza ƙyalle har washegari. A jikin kowane dunƙule ana manna lambar gidan da ranar da aka yi shi, kuma kafin a ci abinci sai maigida ya rubuta yawan madara da zafi da tsami da mintocin kowane mataki a littafinsa.

Bayan haka sai wanke-wanke, wanda in za a faɗi gaskiya shi ne rabin sana'ar. Tukunya, bokitai, bututun injin tatsa, ƙyallaye, daɓe, kullum, da tafasasshen ruwa.

Bayan 'yan kwanaki mukan loda dunƙulen a mota mu gangara da su ɗakin ajiyar ƙungiya a ƙauye. Can ake tsoma su a ruwan gishiri, a jera a kan katakai a ɗaki mai sanyi da laima, ana juyawa ana gogewa fiye da wata huɗu kafin a fara sayarwa. Masana sukan zo su ƙwanƙwasa, su huda su ɗanɗana, su ba da maki, kuma makin yana shafar kuɗin da gida zai samu. A cukun Gruyère, ɗan'uwan wannan, lita 400 ta madara ce ke ba da dunƙule guda mai kilo 35. Da na tsaya a tsakanin jerin katakan nan na gane asalin abin. Kakanninsu suna da madara mai yawa a watanni kaɗan, a wurin da babu hanya babu kasuwa, ga doguwar hunturu tana tafe. Sai suka koyi mayar da ita abin da zai shekara bai lalace ba, wanda za a iya ɗora wa dabba a kai nesa. Matsalar daminarmu ke nan, su ma sun sha ta.

Kiwon kansa bai zame mini baƙo ba, ni da dangin mahaifiyata ke tashi da garke zuwa mashekari. Su ma sukan tashi: da ciyawar ƙasa ta ƙare sai a kwashe tukunya da kaya a koma gidan da ke sama, kaka ta gabato a sauko. A lokacin da shanu ke dutse, ana yanke ciyawar kwari a busar a tara don hunturu. Bambancin shi ne kowace makiyaya an san adadin dabbobin da za ta ɗauka, a rubuce yake, kowace saniya tana da lamba a kunne da ke cikin rajistar ƙasa, kuma gwamnatin tarayya tana biyan makiyaya tallafi don su ci gaba da hawa, saboda in sun daina daji zai cinye wurin. Da rana aikinmu gyaran shinge ne, da sare ƙaya, da tsince duwatsu, da watsa taki. A 2023 hukumar UNESCO ta saka wannan al'ada ta hawa dutse da dabbobi cikin jerin al'adun duniya da ake karewa.

Kashi na ƙarshe na shirin yawon gani da ido ne. Muka haɗu da sauran 'yan tawaga, muka bi kwarin Simmental, inda shanun nan masu ja da fari suka samo suna, zuwa Spiez a bakin tafkin Thun. Daga nan jirgi ya shige cikin dutse ta ramin Lötschberg, mai tsawon kusan kilomita 35, wanda aka buɗe a 2007. Muka shiga muna barin korayen tuddai da gajimare, muka fito a Visp cikin jihar Valais, rana tana ƙwallewa, gangaren duwatsu a bushe. Tsaunuka ne ke tare ruwan sama, shi ya sa tun ɗaruruwan shekaru mutanen wurin suka haƙa ƙananan magudanai a jikin dutse, wasu na katako a rataye, suna janyo ruwan narkakkiyar ƙanƙara zuwa gonaki, kowane gida da sa'o'insa na ban ruwa.

Ƙauyen Törbel, wanda ke maƙale a gangare wajen mita 1,500, shi ya fi tsaya mini a rai. A 1483 mutanen ƙauyen suka rubuta yarjejeniyar yadda za su mallaki makiyaya da daji da ruwa tare. A 1517 suka kafa dokar cewa ba wanda zai kai shanu makiyayar gari fiye da adadin da zai iya ciyarwa da hunturu daga ciyawar da ya tara da kansa. Wanda ya ƙetare a ci shi tara. Kowa yana ba da aikin gayya na gyaran hanya da magudana, cukun da aka yi kuma a raba gwargwadon shanun kowa. Masaniyar nan ta Amurka Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta kafa hujja da wannan ƙauye wajen nuna cewa jama'a suna iya riƙe dukiyar tarayya ba tare da sun cinye ta ba, in su suka tsara dokar, su ke kuma tsare ta. Ina tsaye a wurin zuciyata tana kan burtalolinmu da aka nome, da gandun kiwon da dokar Arewa ta 1965 ta tanada, da rayukan da aka rasa tsakanin manomi da makiyayi. Ba na cewa a kwafo Törbel a dasa a Katsina. Su ƙauye ne ƙarami, kowa ya san kowa, iyakarsu dutse ne ya shata ta, ba kuma sa kwana da fargabar ɓarayin shanu. Amma ganin dokar kiwo da talakawa suka rubuta wa kansu ta rayu shekara 500 ya hana ni yarda da masu cewa rikicin nan ƙaddara ce kawai da ba ta da magani.

Bayan haka muka hau akwatin da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe zuwa Bettmeralp, muka ƙara sama muka hango Aletsch, daskararren kogin ƙanƙara mafi girma a tsaunukan Alps, mai tsawon kimanin kilomita 20. A jikin duwatsun gefe ana ganin alamar inda ƙanƙarar take kaiwa a da, can sama da inda take yanzu. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, ƙanƙarar tsaunukan ƙasar ta ragu da kashi 10 cikin ɗari. Maigidana ya riga ya ba ni labarin bazarar da maɓuɓɓugai suka ƙafe har sai da jiragen soja masu saukar ungulu suka riƙa kai wa shanu ruwa kan dutse. Su ma suna cikin zullumin ruwa, duk da arzikinsu.

Da na dawo, bayan na miƙa rahoto a wurin aiki, na je rugar Baffa na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, ɗana, saniyarsu lita nawa take bayarwa?" Na ce, "Baffa, Allah ya ja da ranku, guda ɗaya takan ba da abin da goma namu ke bayarwa." Ya ce, "Kuma maraƙi fa?" Tambayarsa tana kan hanya. Bunajinmu lita ɗaya zuwa biyu take ba mai tatsa bayan maraƙi ya sha, amma tana jure zafi da doguwar tafiya da cututtukan da saniyar dutse ba za ta jure ba. Irin cukunsu ma ba namu ba ne a yanzu. Yana buƙatar ɗakin da zai zauna da sanyi wata da watanni, ga halin wutar lantarkinmu. Da ɗanyar madara ake yin sa, su kuwa sun daɗe da kawar da tarin fukar shanu da ciwon bakkale mai sa shanu ɓari daga garkunansu, mu dole mu dafa.

Abin da muka ɗauka shi ne wanda ƙarfinmu zai kai. Yanzu kowace mace da ke kawo mana nono tana da shafinta a littafi, ana gwada madararta a gabanta, mai tsabta tana samun ƙarin kuɗi a kan kowace lita. Da farko wasu sun ɗauka zargi ne, sai da Inna da kanta ta zauna da su ta yi musu bayani. Mun sayi ma'aunin zafi, mun daina dogara da yatsa kaɗai. Mun ɗauki matasa biyu 'yan koyo da rubutacciyar yarjejeniya da ɗan alawus, rana ɗaya a mako kuma nakan zaunar da su in koya musu dalilin kowane mataki. Rarar madarar damina muna mayar da wani kaso man shanu soyayye, wani kason kuma muna gwada busasshen cuku irin na Buzaye da Fulanin Nijar, wanda ake shanyawa falle-falle, da dafaffiyar madara. Laimar watan Agusta tana sa shi fumfuna kafin ya bushe, don haka yanzu muna haɗa akwatin busarwa mai aiki da zafin rana, mun kuma aika a gayyato wata mata daga wajen Dakoro da ta gaji sana'ar ta zo ta duba hannunmu. Saurayin nan ɗan koyon noma da muka zauna tare a kan dutse shi ne za a turo mana da sanyi mai zuwa, Baffa kuma ya ce a rugarsa zai sauka.